Daga Birnin Kebbi: sauka Jidda ko sauka Madina?

Hajiya, kin ce an shaida muku jirgin su Inna a Madina zai sauka, kuma hankalinki ya tashi don kin ji Madina ta fi Jidda nisa, ga ta da ciwon gwiwa. Ki kwantar da hankalinki, ni murna ma na taya ta.

Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Jidda, idan aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,800 ne. Zuwa Madina kuwa ya ɗan haura 3,900. Jirgin da ke cin kilomita 850 a awa ɗaya, ko minti 10 ba zai yi ba ya cinye wannan bambancin. Duk biyun wajen awa 5 ne in an bi miƙaƙƙiyar hanya, ta saman Nijar da Chadi da Sudan a tsallaka Bahar Maliya. Abin da ya tsawaita tafiya a Hajjin 2023 yaƙin Sudan ne, da aka rufe sararin samaniyarta jirage suka koma zagaye, kuma wannan ya shafi mai zuwa Jidda da mai zuwa Madina baki ɗaya. Ki kuma tuna agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, kada ki ga lokacin sauka ki ɗauka duk a sama aka yi shi.

A ƙasa bambancin yake. Jidda zuwa Makka bai wuce kilomita 100 ba, shi ya sa mutane ke ganin ta fi sauƙi. Amma wanda zai zarce Makka, tun a cikin jirgi zai ɗauki harami idan an zo daidai miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar harami. Ya sauka da kumburarriyar ƙafa, ya yi layin duba fasfo, ya jira kaya, ya hau bas, sannan ga umara na jiransa: ɗawafi bakwai, sa'ayi bakwai. Sa'ayin kaɗai, tsakanin Safa da Marwa, ya kai kilomita 3. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da an tura ta a keke.

Wadda ta sauka Madina kuwa, filin jirgin na gefen gari, masauki za a wuce da ita. Ta yi barci, ta yi kwanakinta tana salla a Masallacin Annabi (SAW), jikinta ya saba da zafin ƙasar. Gaskiya akwai kilomita wajen 450 a gabanta zuwa Makka, awa 5 zuwa 6 a bas, amma da hutunta za ta yi su, kuma a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, za ta yi niyya, a ƙasa, cikin natsuwa.

Abin da zan roƙe ki, maganinta ya kasance a jakar hannu, kada a sa shi cikin babbar jaka. A nema mata kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa. Allah ya kai su lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce.