Kyamarar da na saya don gafiya ta kama mini gyare

Wata uku ke nan da na sayi kyamarar nan ta ɗaure wa a bishiya, mai ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gifta. Dalilin sayen kuwa, dashen tumatir da barkonon da na yi a ɗan lambuna na bayan gida, nan Yelwa a Bauchi, kullum da safe sai in tarar an datse wasu daga tushe. Na ɗora wa gafiya laifi.

Makon farko ta ɗauko mage, ta ɗauko bushiya sau biyu, sai wani ƙaton ƙadangare da ganyen gwanda da iska ke kaɗawa, hoto ya fi ɗari. Gafiya ko ɗaya babu. Dashe kuma bai daina faɗuwa ba.

Sai daga baya na gane yadda abin yake aiki. Idonta zafin jiki yake ji tare da motsi. Ƙwaro kuwa jikinsa ɗaya yake da iskar wurin, ga ƙanƙanta, don haka zai wuce ta gabanta ba ta san an yi ba. Wanda ya shigo hoto, sa'a ce kawai, wani abu ne ya tashe ta. Shi ma idan yana kusa, hasken daren da take fitarwa sai ya wanke shi fat, ka ga farin zare ko dunƙule kamar auduga. Ranar da shinge ya tashi bayan ruwan sama, 'yata ta leƙa hoton ta ce, “Baba, aljanu ne?”

Dabara biyu suka gyara mini. Na saita ta tana ɗauka duk bayan minti ɗaya, ko da motsi ko babu. Sannan na sayi tabarau na karatu mai lamba +2 a kasuwar Wunti, na cire gilashi ɗaya na manna a bakin kyamarar da salatif, domin an yi ta ne don hangen abin da ya wuce mita ɗaya, na kusa dishi-dishi yake fita. Na sauke ta ƙasa, ƙasa da rabin mita daga dashen.

Dare na uku sai ga mai laifin, ƙarfe 1:40, da ƙaton kai da ƙafafun baya masu kauri, yana jan ganye. Wata manhaja a wayata ta ce kyankyaso ne. Na nuna wa dattijon da ke mana gadi a layi, ko gyara riƙon wayar bai yi ba ya ce, “Malam, ai gyare ne, babban nan. Duba lambun, za ka ga 'yar tarin ƙasa a bakin raminsa.” Rami huɗu na samu. Na sa hoton a iNaturalist, wani shafin intanet na gano sunan halittu inda mutane ne ke dubawa su tabbatar, su ma nan suka dosa. Da ma halinsa ke nan, yini a rami, dare ya fito ya yanke dashe ya ja ciki.

Da rana hotonta ba laifi. Na bambance zanzaro da rina, na ga ƙoƙi-ƙoƙi riƙe da fara, ga malam-buɗe-littafi kala-kala a kan furen kuɓewa. Da dare kuwa komai baƙi da fari ne, kuma ƙwari da yawa sai da launi ake rarrabe su. Ƙananan da ke ɓuya ƙarƙashin ganye, irin masu lalata tumatir, kar ma ka sa rai; juya ganyen da hannu ka haska tocila ya fi.

Batir takwas take ci, kuma ɗaukar minti-minti na zuƙe su da wuri, ga hoto 600 a awa goma da sai ka zauna ka bi ɗaya bayan ɗaya. Mai neman sanin abin da ke cinye masa kaji, ya saya hankali kwance. Mai son ƙwari ya haɗa da tabarau da salatif. Tawa yanzu na mayar da ita bakin akurki.