Liber Usualis ko Graduale Simplex? Amsa ga shugaban mawaƙa

Salama, ɗan'uwa. Tsakanin littattafan waƙoƙin Misa na Katolika guda biyu, Liber Usualis da Graduale Simplex, da ka tambaya wanne za ka saya wa ƙaramar ƙungiyar mawaƙanku, ka ɗauki Simplex, bugun 1975, kada ka yi wata-wata. Duka biyun ina da su. Bangon Simplex har ya koɗe saboda yawan riƙo, Liber kuwa yana kan kanta, sai an yi watanni ban taɓa shi ba.

Simplex dama don irinmu aka yi shi. Babban taron Vatican na Biyu, a takardarsa kan sujada ta 1963, ya ce waƙar Gregori, tsohon salon rera waƙar ikilisiya da Latin, ce ke kan gaba a sujadar Roma, sannan ya nemi a fitar da littafi mai sauƙaƙan karin waƙa domin ƙananan majami'u. Amsar wannan roƙo ita ce Simplex, wanda ya fara fitowa a 1967. Dabararsa ita ce bai ɗora wa kowace Lahadi waƙoƙinta daban ba, ya bi lokutan shekara ne. Adbent, makonni huɗun jiran Kirsimeti, jerin waƙoƙin Misa biyu yake da su, ku zaɓi ɗaya ku riƙe har ƙarshe. Lahadin lokacin yau da kullum, da suka haura talatin, jeri takwas ne kacal. Kowace waƙa kuma gajeren amshi ce, layi ɗaya ko biyu, sai mai jan baki ya rera ayoyin Zabura a tsakani. Ba sabon kari aka ƙirƙiro ba, daga tsofaffin waƙoƙin addu'ar safe da yamma aka tsamo su.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa ya faru ne a wani Adbent. Mun ɗauki jerin farko, wanda waƙar shigarsa ke kan Zabura 25, "A gare ka, ya Ubangiji, nake miƙa raina." Wata yarinya ce muka ba jan baki, a Lahadin farko takardar da ke hannunta har rawa take yi. Jama'a suka yi tsit, mu kaɗai muke amsawa. A Lahadi ta biyu na fara jin guna-guni daga kujerun tsakiya. Ranar Lahadi ta uku, wadda Fada ke iya sa riga ruwan hoda, wata tsohuwa da ke zama kusa da ƙofa, wadda ba ta taɓa riƙe littafin waƙa ba, ta ɗauki amshin kafin mu, da muryarta mai kauri, na kusa da ita suka bi ta. Latin ne, amma da yake na riga na fassara musu layin kafin a fara Misa, sun san abin da bakinsu ke faɗa. Yarinyar nan kuwa ta ɗago kai daga takarda ta ƙarasa ayoyinta da ka. Wannan nake so ka samu, jama'a su yi waƙar da kansu, ba su zauna suna kallon mawaƙa ba.

Akwai kuma batun doka. Gabatarwar littafin Misa ta ambaci inda za a ɗauko waƙar shiga: Graduale Romanum, babban littafin waƙoƙin Misa, ko Graduale Simplex, ko wata waƙa da taron bishop-bishop ya amince da ita. In wani ya ce maka littafin nan na masu neman sauƙi ne, ka nuna masa wannan wurin.

Liber Usualis babban aiki ne, ba zan ƙi faɗa ba. 'Yan zuhudun Solesmes a Faransa suka fara fitar da shi a 1896, shafukansa sun doshi 1,900, ya haɗa waƙoƙin Misa da na addu'ar yamma da ta dare. Sai dai kalandar da yake bi ta kafin gyaran 1969 ce. Idin Kristi Sarki a cikinsa Lahadin ƙarshe ta Oktoba yake, alhali yanzu shi ke rufe shekarar ikilisiya a ƙarshen Nuwamba. Yana ajiye Halleluya tun Lahadi uku kafin Larabar Toka, mu kuwa muna rera ta har jajibirin Azumi. Yana ƙirga Lahadi "bayan Fentikos", bai san zagayen karatu na shekara A, B da C ba. Kowane mako sai ka zauna da littafi na biyu kana lalubo wace waƙa ta koma ina. Sannan nauyin waƙoƙin: wadda ake yi kafin Bishara a Lahadin farko ta Azumi kusan dukan Zabura 91 ce, gaɓa ɗaya na iya ɗaukar sauti goma ko fiye. Ba wa sababbin mawaƙa wannan tamkar ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi ne. Ina buɗe shi ne kawai in zan koyar da Victimae paschali laudes ta Ista da Veni Sancte Spiritus ta Fentikos, waƙoƙi biyun da suka zama dole a ranakunsu. In majami'arku tsohon littafin Misa na 1962 take bi, to Liber naka ne. In ba haka ba, bar shi.

Simplex ma yana da nasa gibin. Duk Latin ne, dole ka riƙa fassara wa jama'a, kuma mawaƙan da suka goge za su fara ƙosawa da maimaici wajen tsakiyar shekara. In kun kai nan, matakin gaba Graduale Romanum ne na 1974, wanda aka jera bisa sabuwar kalanda, ba Liber ba. Ka kuma nemi ɗan littafin nan Jubilate Deo da Paparoma Paul na Shida ya aika wa bishop-bishop a 1974. Siriri ne, amma akwai Salve Regina da Regina caeli da Tantum ergo a ciki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Tsofaffin bugun Liber sun cika ko'ina, wasu na ɗaukar hoton shafukan su buga, su sa masa bango mai sheƙi su ce sabon bugu ne da ya ƙunshi dukan waƙoƙin Misa na yau. Ba gaskiya ba ne, ba a taɓa sabunta shi bisa kalandar yanzu ba. Wasu kofin ma sun girmi 1955, shekarar da aka gyara tsarin Mako Mai Tsarki, makon da ke kafin Ista, ka ga ko masu bin tsohon tsari ba zai yi musu daidai ba. A Simplex kuma akan miƙa wa mutum bugun 1967 a matsayin na 1975. Kafin ka biya, ka ce a turo maka hoton shafin farko mai ɗauke da shekara, da hoton wani shafi daga tsakiya. Waƙar Gregori a kan layi huɗu ake rubuta ta da alamomi masu kusurwa huɗu, kuma a bugun banza layukan kan dushe har ka kasa gane ko alamar a kan layi take ko a tsakani. Na taɓa ganin kofin da shafukan Alhamis Mai Tsarki suka ɓace gaba ɗaya, mai shi bai lura ba sai da Azumi ya yi nisa. Wanda ya ƙi turo hoto, ka rabu da shi.

In littafin ya iso, kada ku fara da Mako Mai Tsarki, ya yi yawa ga farawa. Ku fara da Adbent: ba a rera Gloria, jeri ɗaya ya ishe ku makonni huɗu. Kofi biyu ko uku sun wadatar, na mai jan baki da na mai ogan da naka, sauran su koyi amshi da kunne. Ka kuma gaya wa mai ogan tun yanzu cewa a Azumi aikinsa tallafa wa murya ne kawai, ba kiɗa shi kaɗai, sai a Lahadi ta huɗu da ranakun idi.