Gyara jerin tashi ko sake saka GRUB?

Ka saka Ubuntu kusa da Windows, amma da ka kunna laftof sai ta zarce Windows ba tare da ta nuna GRUB ba, wato manhajar da ke ba ka zaɓi tsakanin Ubuntu da Windows. Hanya biyu gare ka.

Ta farko, shiga saitin UEFI, wato manhajar da ke tada laftof kafin Windows, galibi da danna F2 ko Esc yayin kunnawa, ka ɗaga Ubuntu sama a jerin tashi. Ba ta taɓa faifai, shi ya sa na fi son a fara da ita.

Ta biyu, tada na'urar da filashi mai ɗauke da Ubuntu ka sake saka GRUB da manhajar gyara mai suna Boot-Repair. Ta fi ƙarfi, amma tana rubutu a ɓangaren EFI, sashen faifai da ke riƙe fayilolin tashi, don haka adana makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, tukuna. Ita ce mafita idan Windows na kan UEFI, Ubuntu kuma na kan Legacy, wato tsohon tsarin tashi, domin a nan ko sunan Ubuntu ba zai fito a jerin ba.