Oud ko sandal: wanne ya dace da namiji mai son ƙanshin itace?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana son turaren maza mai ɗumi, mai ƙanshin itace, wanda zai riƙa sawa zuwa ofis kuma ya halarci ɗaurin aure da shi, amma kuɗin kwalba ɗaya gare shi. Oud zai saya ko sandal, kuma wanne ya fi ba mutum kwarjini?

Malam, duka biyun daga itace ake samun su, sai dai kowa da halinsa.

Oud daga bishiyar Aquilaria yake fitowa, a Assam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Indunusiya. Lafiyayyar bishiya ba ta da wani ƙanshi. Sai ta ji rauni funfuna ta shige ta, sannan ta fitar da baƙin ƙaro don kare kanta. Itacen da wannan ƙaro ya jiƙa shekara da shekaru shi ne oud, dalilin tsadarsa ke nan. Da tola ake auna mansa, wato giram 11.66, 'yar kwalba mai mililita 3 kuwa rubu'in tola ce. Na Indiya, wanda ake kira Hindi, yakan bugi hanci a rabin awar farko da wani wari kamar na garke ko na majema, har wanda bai saba ba ya ce an cuce shi. A yi masa haƙuri, bayan nan zai kwanta ya koma hayaƙi-hayaƙi mai zurfi. Na Kambodiya ya fi sauƙin kai, zaƙinsa kamar na busasshen dabino.

Sandal kuwa daga zuciyar itacen da saiwarsa ake tatso shi. Na Mysore a jihar Karnataka ya fi suna, bishiyarsa sai ta haura shekara 15 kafin ta yi man kirki, yanzu kuma ana nomansa sosai a Ostareliya. Ƙanshinsa mai taushi ne kamar madara mai ɗumi, kuma yadda ya fara da safe kusan haka zai kai yamma.

Maganar kwarjini, oud yakan riga mai shi shiga zaure, ya kuma tsaya bayan ya fita. Turaren babbar riga ne, na mutumin da idan ya yi gyaran murya ake yin shiru. Sandal ba ya shela. Sai ka miƙa hannu za ku gaisa sannan ya iso maka, yana nuna mutum mai tsafta da kawaici, wanda ake jin daɗin zama kusa da shi. A ganinmu matashi ya fi saurin dacewa da sandal, domin oud mai nauyi yana son shiga da natsuwar da za su ɗauke shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne yawa. Man oud ɗigo ɗaya a tsintsiyar hannu, a dangwala a bayan kunne da gemu, ya wadatar. A zafin Maris da Afrilu ɗumin jiki yana ƙara tayar da shi, ɗigo uku a rufaffen ofis ko sahun masallaci sai ya sa na kusa ciwon kai, alhali mai shi ya daina ji saboda hancinsa ya saba. Kuma kada ya taɓa farar shadda, tabonsa ruwan ƙasa ne mai wuyar fita. Sandal yana jure zafi, matsalarsa hunturu: busasshiyar fata tana shanye shi da wuri. A fara shafa basilin marar ƙanshi kaɗan, sannan a ɗora shi.

Galibin turarukan feshi masu ɗauke da waɗannan sunaye haɗin sinadarai ne, ba laifi ba ne muddin ba a karɓi kuɗin na asali ba. Oud Wood na kamfanin Tom Ford, wanda ya fito a 2007, oud ne da aka sassauta da sandal, yana shiga ofis lafiya lau. Tam Dao na kamfanin Diptyque, na 2003, sandal ne tsantsa a hanci. Feshi biyu a ƙirji, ɗaya a wuya.

Mai kwalba ɗaya, sandal muke ba shi shawara, shi ne zai yi masa Litinin zuwa Alhamis ba tare da ya takura wa kowa ba. In kuɗi ya samu a ƙara rubu'in tolar oud na Kambodiya don Juma'a da biki, a shafa sandal a ƙasa, ɗigon oud a kai. Kafin a biya, a shafa a hannu a bar shagon, a shinshina bayan minti 30 da bayan awa 4. Wanda aka sirka da yawa a awa ta biyu ya gudu. Kwalbar kuma a ajiye ta a durowa, ranar cikin mota tana dafa turare.