Daga ina bakteriya ke samun dafi: bairos ko plasmid?

Kwayar bakteriyar da ke jawo mashaƙo ba da dafinta take zuwa ba. Wani bairos mai kama bakteriya, wanda masana ke kira phage, shi ke shiga jikinta ya dasa ƙwayar halittar dafin a cikin DNA ɗinta. Wani masanin kimiyya, Victor Freeman, ne ya gano haka a 1951. Kwalara ma haka take, kamar yadda Waldor da Mekalanos suka nuna a 1996. A mashaƙo, sai sinadarin ƙarfe (iron) ya yi ƙaranci a inda kwayar take, kamar maƙogwaron yaro, sannan ta fara zubo dafin.

Ita kuwa kwayar tetanus, cutar da ke sandarar da tsokoki, umarnin haɗa dafinta yana kan plasmid, wani ɗan zoben DNA da ke zaune daban. In ta rasa zoben, ta rasa dafin.

A ganina hanyar bairos ta fi tayar da hankali, domin kwayar da ba ta da dafi jiya tana iya zama mai kisa yau. Shi ya sa a annobar mashaƙo irin ta Kano a 2023, ganin kwayar a ɗakin gwaji bai wadatar ba, sai an tabbatar tana ɗauke da dafin.