Bakaniken da ya tayar mana da injin yankan ciyawa

Duk mai kula da filin ƙwallo a Kano ya san injin yankan ciyawa ba ya aiki sai da damina. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba ciyawa ta bushe, sai a tura shi sito, ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara, ba a waiwayarsa sai wajen Yuni. Na makarantar da nake aiki a Hotoro irin wanda ake hawa a tuƙa ne, mai kujera da sitiyari. Bana da aka fito da shi, ko tari bai yi ba. Ka murɗa makulli, shiru.

Wanda aka fara kirawowa ko murfi bai gama ɗagawa ba ya ce a sayo sitata, wato abin da ke juya inji in an murɗa makulli, da kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska. Na biyun, wanda nake wannan sharhi a kansa, gyaran janareta ne sana'arsa, kuma shi zan ce a nema. Dalilina ɗaya: bai ce a sayi komai ba sai da ya nuna min da idona cewa abin ya mutu.

Da batir ya fara. Kawunansa duk sun yi wani farin gari mai ratsin kore, ya kankare da burushin ƙarfe, ya ɗora mita. Lafiyayyen batir mai bolt 12 idan ya cika yakan nuna 12.6, namu ko 11 bai kai ba. Ya jona da na mota, har yanzu shiru, fiyus kuma lafiya lau. Nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki. Ya ce min, "Malam, irin wannan injin ba ya yarda ya juya sai ka taka birki, kuma wuƙar ƙasa tana kashe. Akwai 'yan makunnai da ke gaya masa haka." Ya kwanta a ƙasa ya bi wayar birkin da yatsa har ya iso inda ɓera ya gatsa ta biyu. A ƙarƙashin murfin injin ma sheƙa muka tarar, ta yagaggun takardun jarrabawa da tsumma, cushe a inda iska ke bi ta sanyaya inji. Da an tayar da shi a haka, zafi zai yi ta yi har ya lalace.

Mai gadinmu ya ce a haɗe wayoyin kawai a huta da makunnin. Bakaniken ya ƙi. Ya ce wuri ne na yara, inji mai wuƙa ba a cire masa abin tsaro. Wannan maganar ta ƙara masa daraja a idona fiye da gyaran kansa.

Da ya ɗaure wayar sai injin ya fara juyawa amma ya ƙi kamawa. Ya kwance fulogi ya jingina shi da jikin inji, muka ga tartsatsin wuta shuɗi, wato ba nan matsalar take ba. Ya ɗiga fetur kaɗan ta bakin kafireto, injin ya tashi ya mutu nan take. Ya ce to mai ne ba ya isowa.

Fetur ɗin da ya tsiyayo daga tanki ya koma kalar shayi, warinsa ma ya sauya. Fetur idan ya daɗe a ajiye, ɓangarensa mai saurin kamawa da wuta yakan bi iska, balle a zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40, sai ya bar danƙo. Wannan danƙon ne ya toshe ɗan ramin da mai ke bi cikin kafireto. Ya kwanto ƙarfen da ramin yake jiki ya ɗaga shi saitin rana, haske ba ya ratsawa. Ya jiƙa shi, ya zura siririn zaren waya a hankali don kada ramin ya faɗaɗa, ya hura. Ya kakkaɓe matatar iska, ya juye tsohon baƙin mai, aka zuba sabon fetur. Murɗawa kaɗan ya ɗauka, ya fitar da hayaƙi, ya daidaita.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Ya ce da safe zai zo, sai bayan azahar muka gan shi, kuma bai riƙo ko tiyon mai ba, sai da aka tura yaro Ƙofar Ruwa ya nemo tiyo da matatar fetur. Batir dai ya ƙi riƙe caji, dole aka sayi sabo. Amma kuɗin aikinsa bai kai na kafireton da aka so mu saya ba, sitatar kuwa lafiyarta ƙalau.

Kafin ya tafi ya ce in za a ajiye, a rufe mai a bar injin ya ƙone na cikin kafireto har ya mutu da kansa, a zare batir a riƙa yi masa caji duk wata, a ɗana wa ɓera tarko a siton.

Abin da ya tsallake shi ne wuƙa, ko leƙa ta bai yi ba. Yankan farko ciyawar yagewa ta riƙa yi, bakinta ya yi fari, sai da muka kwance wuƙar muka kai aka wasa. Wanda zai kira shi ya saka wannan a cikin ciniki tun farko.