Hoton faifai na LVM ko cire sabar ta biyu: amsa ga mai DRBD

Wa alaikumus salam, Malam. Kan batun sabobinka biyu masu DRBD (manhajar da ke kwafe duk abin da aka rubuta a faifan sabar farko zuwa na ta biyu nan take, kamar madubi) da kake son ɗaukar kwafin ajiyarsu manhaja tana kan aiki, ni dai hoton faifai (snapshot, wato kama yadda faifan yake a daidai wani lokaci) na LVM, tsarin Linux na yanka faifai kashi-kashi, zan ce ka yi, a kan sabar ta biyu. Hanyar cire ta biyun daga madubin a kwashe daga kanta na taɓa bi, kuma ba zan sake ba.

Ina kula da sabobi biyu na wani shagon sarin magunguna a nan Kaduna. Daga safe har bayan Isha'i 'yan sari daga Zariya da Kafanchan suna shigowa, ga masu oda ta waya, babu sa'ar da za ka ce wa Alhaji a kashe kwamfuta ya yarda. DRBD ɗin nasu yana zaune a kan LV, wato yankin faifai na LVM, a kowace sabar. Ƙarfe biyu na dare ɗan rubutun da na saka yana yin lvcreate -s ya ɗauki hoton a sabar ta biyu, ya hau hoton (mount, wato ya buɗe shi don karantawa), ya kwashe zuwa faifan waje da rsync, ya yi lvremove ya goge hoton. Sabar farko tana ci gaba da aikinta, kuma madubin bai yanke ko na daƙiƙa ɗaya ba.

Ranar da na san darajarsa, wani yaron kanta ne ya je gyara sunan kwastoma ɗaya, ya share jerin masu bashi gaba ɗaya. Alhaji ya kira ni hankali kwance, wai ai muna da sabar ta biyu. Na ce masa Alhaji, ta biyun ma ta share. DRBD madubi ne, abin da aka rubuta a nan shi ake rubutawa a can nan take, har da ɓarna. Na hau Keke daga Unguwar Rimi, kafin La'asar na dawo da jerin daga kwafin daren jiya, aka cike cinikin safiyar ranar daga rasit na takarda. Har yau in na shiga shagon sai an aiko mini da shayi.

Amma yana da sharuɗɗansa. Hoton LVM na gargajiya yana ajiye tsohon abin da aka canza ne kawai, a cikin wurin da ka ware masa. In wurin ya cika, hoton ya lalace kenan, ba ya gyaruwa. Saboda haka ka bar sarari a VG, wato rumbun da ake yanko LV daga ciki, tun farko, ka riƙa duba Data% (yawan cikar wurin) da umarnin lvs a makon farko har ka san yawan rubutun da ake yi a dare ɗaya. Sannan muddin hoton yana nan, rubutu yana ɗan yin nauyi. In kana kan Protocol C, sabar farko tana jiran ta biyu ta ce ta rubuta kafin ta wuce, don haka nauyin zai iso har gaban mai kanta. Shi ya sa ake yi da dare, a goge da zarar an gama.

Abu na uku shi mutane suka fi mantawa. Abin da ke cikin hoton daidai yake da faifan da wuta ta ɗauke masa ba zato. Tsarin rumbun bayanai irin su InnoDB (na MySQL) da PostgreSQL suna iya farfaɗowa daga irin wannan, in dai bayanan da littafin rajistarsu suna cikin hoto ɗaya. MyISAM, wani tsarin ajiya na MySQL, ba shi da wannan tabbacin. Ni nakan haɗa da mysqldump --single-transaction, mai fitar da kwafin bayanan daga MySQL kansa, in ajiye gefe, don kwanciyar hankali.

Hanyar cire ta biyun da umarnin drbdadm disconnect kuwa, to, tana aiki, kuma ba ta buƙatar LVM, iyakar alherinta kenan. Duk tsawon lokacin da kake kwashewa faifai ɗaya ne ke riƙe da kasuwancin mutane. In ka mayar, ta biyun tana zama Inconsistent, wato bayananta ba su cika ba, har sai ta gama kamo abin da ya wuce ta. Ni a daidai wannan gaɓar wuta ta ɗauke mini, batirin inbata ya gaji, janareto ya ƙi tashi. Allah ya rufa asiri sabar farko ta dawo lafiya, amma daren nan ban runtsa ba. Kuma wanda hannunsa ya yi rawa ya mayar da ta biyun Primary, wato matsayin sabar farko, don ya hau ta, ya jawo wa kansa rabuwar kai, kowace sabar tana cewa ita ce mai gaskiya.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da faifai. Na taɓa sayen guda biyu a cikin leda a liƙe, wai sababbi dal, smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna sun yi shekaru suna juyawa. Gwanjo ne aka goge aka sa wa sabuwar leda. Ka je da laftof ɗinka, ka duba Power_On_Hours da Reallocated_Sector_Ct a gaban mai shago kafin ka ƙirga kuɗi, ka kuma gwada lambar faifan a shafin kamfanin, domin akwai masu share lissafin awannin. Wanda ya ce ba a buɗe leda, ka wuce shago na gaba. Ka nemi faifai nau'in CMR, ka guji nau'in SMR ga sabar da ke rubutu kullum.

Faifan wajen kuma kar ya kwana a ɗakin sabar. Namu biyu ne, ana musanya su, ɗaya kullum yana gidan Alhaji. In DRBD ɗinka kai tsaye yake kan faifai babu LVM a ƙasa, ka turo abin da umarnin lsblk, mai jero faifan da ke kan sabar, ya nuna maka, in faɗa maka yadda za ka sake gina ta biyun tukuna.